Hoton Goggo Fuatino

Mount Druitt, Satumba

Zuwa ga 'yata Sieni,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi jin magani.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayar na kashe ta, na tura ta ƙasan tufafi, don ta ƙi daina ƙara.

Kin tuna hoton Farar Lahadi ta bara, bikin yara na cocinmu na 'yan Samoa, ni da jikokina cikin fararen kaya a ƙofar coci? Wasu sun ɗauke shi daga shafina na Fesbuk. Tun da gwamnati ta aiko mana takardun jin ra'ayi kan auren jinsi, a zaɓi E ko A'a, ake yawo da shi, an rubuta a ƙasa: "Uwayen tsibirai sun ce A'A. Ku tsare 'ya'yanku daga waɗannan mutane." Ba wanda ya tambaye ni.

Ranar Lahadi matar dattijon cocinmu, Misis Leota, ta rungume ni har hulata ta karkace, wai na zama jarumar Ubangiji. Ran Litinin a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, Bronwyn da muka daɗe muna shan shayi tare ta ɗauki kofinta ta koma wani tebur. Ni ce dai jarumar, ni ce muguwar, ban ce uffan ba.

Duk wannan zan iya shanyewa. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne ɗana Penaia. Layi ɗaya ya turo: "Mama, ni ne waɗannan mutanen?" Kafin in nemo tabarau in ba shi amsa ya toshe ni. Kin san shi da Callum gida ɗaya suke a nan Melbourne ɗinku. Ni abokinsa nake kiransa, shi ma bai taɓa gyara min ba, haka muka lallaɓa muke zaune lafiya.

Ke kike karantar waɗannan abubuwa a jami'a. Ki faɗa min wa ya yi min haka. Ki kuma leƙa yayanki ki ga ko yana cin abinci.

Ubangiji ya tsare ki.
Goggonki, Fuatino

Melbourne, Satumba

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa, da ya jiki? Wasiƙarki ta iso, raina ya ɓaci ƙwarai.

Hoton na riga na gan shi, don irin waɗannan saƙonni nake tarawa a bincikena. Abin da aka koya mana shi ne mu yi wa kowane saƙo tambaya: wa ya rubuta, fuskar wa aka sa a gaba, kuma wa zai ci riba. Shafin da ya fara sakin naki yana da suna irin namu da hoton bishiyar kwakwa, amma ba na jin akwai ɗan Samoa ko ɗaya a bayansa. Kalmomin nan, ba a canja komai ba sai sunan ƙabila, na same su ƙarƙashin hoton wata 'yar Lebanon, da na wata tsohuwa 'yar Sin. Fuskarku suke buƙata, Goggo, don kada a ce masu magana kullum su ne dai masu maganar. An ari farar rigarki da jikokinki, ke kuma an bar ki a waje.

Ba zan ɓoye miki ba, namu masu goyon bayan E ma sun ɗauka. Suna yaɗa shi suna dariya, wai 'yan mishan sun tafi da ƙwaƙwalwarku sun bar muku hula. Mutanen da suke wa'azin ƙauna ke nan. Kowane ɓangare fushi yake nema, don saƙon da ya tunzura mutum ya fi gudu.

Na je wurin Yaya Penaia. Ya rame. Ya ce ba hoton ya fi yi masa ciwo ba, ganin 'ya'yan ƙanwarsa a ciki ne, yaran da ya goya, wai su za a tsare daga gare shi. Callum ya dafa mana taliya, shi kuwa cokali biyu ya kai baki.

Ga shawarata. Ki rubuta min layi biyu cewa wannan ba ra'ayinki ba ne, in wallafa, magana ta mutu. Sannan ina roƙon ki bar ni in sa labarinki a babi na uku na kundina. Malamata ta ce ba ta taɓa ganin misali mai kyau irinsa ba.

Ki gaida kowa da kowa.
'Yarki, Sieni

Mount Druitt, Oktoba

Sieni,

Ina gaishe ki. Na karanta takardarki sau biyu, na biyun da ƙamus ɗin jikata a hannu.

Kin yi bayani mai kyau, amma akwai tambayar da ba a koya muku ba, ita ce me tsohuwar take so. Kin yanke cewa an yi min ƙarya. To ki ji: A'a na zaɓa. Tun kafin in ga hoton na cike takardata na kai gidan waya da ƙafata. Abin da na tashi a kai ke nan, shi na yi imani da shi game da aure, ba zan rubuta miki layi biyun ƙarya ba ko don in dawo da ɗana. Shi kansa zai gane ƙarya ce, ni na haife shi.

Amma ban taɓa cewa a tsare yaro daga Penaia ba. Wa ya kwana a asibiti da ƙaramar jikata lokacin da asma ta tasar mata? Ubanta yana wurin aiki, kawunta ne ya riƙe ta.

Batun babi na uku kuwa, na yi dariya. Waɗancan suna son fuskata, naku suna son fuskata, ke ma ga ki da kwanonki. Misali mai kyau, in ji malamarki. Ki gaishe ta, ki ce misalin yana da ciwon gwiwa.

Bari in faɗa miki abin da na yi. Ranar Farar Lahadi ta bana, bayan yara sun gama haddarsu, fasto ya sa aka haska hoton a bango yana yabona. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce a yi min gafara, hoton nawa ne, maganar ba tawa ba ce. Na ce ina da ɗa, duk kun san shi, a nan aka yi masa baftisma, shi ya riƙa kaɗa muku molo a ƙungiyar mawaƙa, duk wanda ya ce shi haɗari ne ga yara to bai faɗa da bakina ba. Fasto ya yi tari ya ce a buɗe littafin waƙa. Wurin cin abinci, gwazar da na dafa da madarar kwakwa, wadda kullum ake wawaso, rabi ta dawo gida. Misis Leota ta ce min a hankali ai ba a shanya kayan gida a gaban jama'a. Na ce mata ba ni na haska shi a bango ba.

Ki faɗa wa Penaia duka. Kada ki rage A'ar, kada ki ƙara wa cocin gishiri.

Ki huta lafiya.
Goggonki

Melbourne, Nuwamba

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na cire ki daga kundin. Malamata ta yi ƙorafi, na isar mata da saƙon gwiwa.

Na faɗa wa Yaya Penaia kamar yadda kika ce. Da na zo kan A'ar sai ya tashi ya fita baranda, ya daɗe. Callum ya ce in ƙyale shi. Da ya dawo na ba shi labarin cocin, sai ya tambaya da gaske gwazar ta dawo? Na ce e. Ya ce munafukai, ai ba wanda ya iya ta kamar ki.

Kin ji sakamako, E ta yi nasara. Mun je filin taro, mutane suna kuka suna rawa, shi ma ya yi kuka. Kafin yamma sababbin saƙonni suka fito, da taswirar unguwanninku da suka zaɓi A'a, ana cewa a mayar da ku inda kuka fito. Wani abokinsu ya sake ɗora hotonki. Yaya Penaia ya rubuta masa a ƙasa: "Uwata ce. Sauke." Ya sauke.

Ban san abin da ke ransa ba, kuma na daina yi wa mutane fassara. Ya karɓi takarda da ambulan a wurina.

'Yarki, Sieni

Melbourne, Disamba

Mama,

Ina gaishe ki. Ya gwiwa?

Na ji abin da kika zaɓa, ya yi min ciwo, har yanzu yana yi. Na ji abin da kika faɗa a coci kuma, na san abin da ya ci miki.

Ina so in zo Kirsimeti. Amma Callum ba abokina ba ne, Mama, kin sani, na gaji da kiransa haka a gidanmu. Ba na neman ki canja komai a cocinki. Ki dai rubuto ki faɗa min kujera nawa za ki ajiye, ɗaya ko biyu. Idan ɗaya ce, zan aiko wa yara kayansu ta gidan waya, kuma ba zan daina gaishe ki ba.

Ɗanki,
Penaia