Fatar Inna ta Ƙarshe

3 ga Afrilu

Zuwa ga Odile,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya a Edmonton, ke da maigidan naki. Nas ɗin asibiti ta ce da wuya Inna ta ga narkewar ƙanƙarar tafki bana. Abu ɗaya take nema: a binne ta da takalmin da aka ɗinka daga fatar mus, ƙatuwar dabbar dajin nan mai ƙaho, da mijina Isidore ya harbo, wadda ta kankare da hannunta kafin ta kwanta. Na jiƙa fatar da ƙwaƙwalwar dabbar, na ja ta har ta yi laushi, saura hayaƙi.

Saƙonki ya iso. Silifas na kanti, da gashin roba, wa matar da ta ɗinka wa rabin garin nan takalmi! Na jefa wa kare, yana kwana a kansu. Batun kuma a aiko miki da fatar ki nuna wa ɗalibanki "al'adunmu", ki yanko labulen ofishinki ki nuna musu.

Yayarki,
Vitaline

14 ga Afrilu

Yaya Vitaline,

Ina gaishe ki da jinya. Na janye maganar fata, kuma na gode wa kare da ya san darajar kyauta.

Shawara ɗaya, in za ki iya hadiye ta. Ba ki taɓa turara fata ba tare da Inna na zaune a kanki ba. Ki nemi ruɓaɓɓen icce mai ja, wanda yake marmashewa a hannu, kuma kada ki ɗaga daga wurin ko da rufin coci ne ya faɗi. Shekarata bakwai jirgin sama ya kwashe ni zuwa makarantar sistocin coci, amma ina tune da Inna tana cewa ba ki da gindin zama.

Ki gaida ta da kyau.
Odile

22 ga Afrilu

Malama Odile,

Sannu da ƙoƙari. Ashe a jami'a har da darasin hayaƙi ake yi? Ke da kika zo jana'izar Baba kika toshe hanci a rumfar busar da kifi, kika tambayi Isidore ina ake sayen ruwan kwalba, alhali ga tafki a gabanki. Yau ke ce za ki nuna mini icce.

Shekara arba'in ina sara ƙanƙara ina ɗebo wa matar nan ruwa. Ke kuwa kati kike aikowa da Kirsimeti, mai hoton dusar ƙanƙara, kamar ita muka rasa. Duk ranar Alhamis in ta ji ƙarar jirgi sai ta ce, "Leƙa ki ga wa ya sauka." Nakan ce mata gwangwanin madara ne da Fadan coci. Alhamis mai zuwa zan turara fatar, in na gama in aiko miki da tokar ki yi bincike.

Vitaline

30 ga Afrilu

Odile,

Fatar ta ƙone.

Na ɗinke ta kamar buhu, na rataya a kan ramin garwashi, hayaƙi yana tafiya daidai, har ta soma yin ruwan zuma. Sai ga jirgi. Inna ta ƙwala mini kira daga ɗaki, "Leƙa!" Ban san abin da ya shiga kaina ba, na hau tudu na tsaya ina ƙirga masu saukowa kamar wata sakara. Kafin in dawo wuta ta tashi. Abin da ya rage bai kai tafin hannu biyu ba.

Laifinki ne, don da kina zuwa kamar 'ya'yan mutane da ba wanda zai hau tudu. Ban gaya wa Inna ba, kullum tana tambaya ko na yanka. Babu wata jemammiyar fata a garin, na bi gida-gida. Sai ki yi dariyarki.

Vitaline

6 ga Mayu

Yaya,

Ban yi dariya ba. Ga takalmin da Inna ta ɗinka mini shekarar da na yi aure, ƙafarmu ɗaya da ita. Ki ce ke kika ɗinka. Ba sai kin gode ba, na san zai shaƙe ki.

Odile

13 ga Mayu

Odile,

Ke da iliminki, kin zaci mace za ta manta ɗinkinta don idonta ya mutu? Shafawa ɗaya ta yi ta ce, "Na Odile ne." Ta tambayi labarin fatar, na gaya mata. Sai ta juya ƙasan takalmin tana ta lalube, ta ce, "Shekara ashirin da biyu bai taka ƙasa ba?"

Ta ce a binne ta da na kantin, tunda ɗiyarta ce ta saya. Na ƙwato su daga wurin kare, na wanke, suna ƙafarta yanzu.

Naki kuma ga su na mayar. Ta ce ki sa su ki taho. Jirgi ranar Alhamis ne, kuma ƙanƙarar tafki ta fara tsagewa daga baki.

Yayarki,
Vitaline