Karsanar da Baba Ya Bari

Adjamé

Yaya Falalu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya jikin Inna? Na rubuto ne tunda ka daina ɗaga wayata.

Sayyadi, mai kiwon karsanar da Baba ya bar mana a Anyama, ya same ni a kasuwar Roxy, raina ya ɓaci. Wai ka ce a kai ta wurin bijimi a wannan makon. Haba Yaya! Shekara ɗaya fa ke gare ta, ƙugunta ko buɗewa bai yi ba. Sayyadi ya ce in ta ɗauki ciki yanzu girmanta zai tsaya, haihuwa ta zo da wuya, nonon kuma ba zai cika kofi ba. Wata ma daga nan ba ta sake ɗauka. Kai shigo da shadda ka sani, ina ruwanka da shanu?

Ƙanwarka,
Barira

Treichville

Barira,

Wa alaikumus salam. Bakinki na nan yadda na san shi.

Ba jahilci ne ya sa ni ba. Likita ya kira ni gefe, ya ce zuciyar Inna ta gaji, kada mu sa dogon rai. Na ɓoye miki saboda na san ki da kuka. Kullum in an dama mata madarar gwangwani sai ta ture, ta ce ita dai ta sha nonon saniyar Malam, wato Baba, kafin ta bi shi. Ciki wata tara ne. In na ƙara jiran da Sayyadi ke so, wa zai sha? Tsoro nake ji, Barira.

Yayanki,
Falalu

Adjamé

Yaya,

Sallama da ban haƙuri. Na yi kukan, kamar yadda ka faɗa.

Jiya da ka tafi masallaci na hau motar haya ta gbaka na zo, na faɗa wa Inna komai, har maganar likita. Ashe ta riga mu sani. Ta yi dariya ta ce, "Ku 'yan Abidjan, komai vite vite, sauri-sauri. Mahaifinku bai taɓa kai karsana wurin bijimi ba sai ta cika jiki. Kada a lalata masa dabba saboda kwaɗayina. A bar ta ta girma."

Na isar da saƙo. Ni ma yanzu ban san abin da nake so ba. Hukunci na wurinka.

Taka,
Barira

Treichville

Barira,

Salamu alaikum. Bayan gaisuwa, karsanar da muka bari ta girma ta haihu ranar Laraba, mace, ba da wahala ba. Sayyadi ya ce bai taɓa tatsar haihuwar fari mai nono haka ba.

Yau ya aiko da na farko. Na tafasa, na zuba a kofin Inna, har na kai ƙofar ɗakinta kafin na tuna bara muka rufe ta. Kofin na nan a kan tebur, na kasa sha. Ki zo.

Allah Ya jiƙan su.
Falalu