Inna, Sun Bar Mini Suɗi

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa na gama jami'a, sakamako ya fito, na dawo gida Malumfashi. Baba yana lafiya, an fara karyar masara a gonar hanyar Bakori. Na san wasu ne za su karanta wannan wasiƙa, amma ke nake son faɗa wa.

Inna, da kin gan ni ranar da na sauka a tasha, da ba ki gane ni ba.

Zan faɗa miki yadda aka yi, ba ƙari ba ragi. A shekarata ta biyu a makaranta, wata 'yar ɗakinmu ta ɗauke mu hoto, ta ce ni kaɗai na cinye rabinsa. Aka yi dariya, ni ma na yi. Washegari na sa wata manhaja a waya mai ƙirga kalori, wato ƙarfin da abinci yake ba jiki. Na fara da barin mai. Sai ƙosai, sai fura, sai tuwo. Daga baya ba na iya kai komai baki sai na ga lambarsa. Gashina ya riƙa bin mataji. Da tsakar rana a bazara sanyi nake ji. Al'adata ta ɗauke.

Kin san mutanen gidanmu. Wa zai yarda cewa akwai budurwar da ke tsoron ƙiba? Baba ya ce wahalar karatu ce. Maƙwabta suka ce ciwon shawara ne. Goggo Rabi, ƙanwar Baba da ke riƙe da gidan tun bayan rasuwarki, ta hau mashin har kasuwar Bakori ta sayo mini ƙwayar sha-ka-fashe mai sa ƙiba, ta miƙo mini tana murna. Ainihin abin da nake gudu ta kawo mini da sunan magani. Na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Likitar da muka gani a Funtua ta hana shan ƙwayar. Ta ce jikina ya daɗe cikin yunwa, a riƙa ƙara abinci kaɗan-kaɗan, ba a lokaci ɗaya ba, ina komawa tana duba ni. Ta ce cikina zai kumbura, nauyi zai ƙaru, kuma wani sashen na farko ruwa ne kawai. Na fahimci kowace kalma. Fahimtar ba ta rage tsoron ba.

Ga kuma wata matsalar: a gidanmu ba a zuba wa kowa nasa. Tire ɗaya ne, ni da Goggo da matar Yaya. Ta yaya zan ƙirga malmalar da hannu uku ke gutsura? Man shanu kuwa Goggo ba ta san cokali ba, tuttulawa take yi. Sai na koyi dabara, ina tura tuwon gabana zuwa gabansu a hankali, ina juya yatsu cikin miya. Na ɗauka ba wanda ya lura.

Kin tuna suɗina? Kullum sai ki tsame hannu ki turo mini kwanon, da gefen da mai ya taru. Kina cewa, "Suɗi na auta ne, ko da ta yi jikoki."

Na tuna shekarar da ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da masara take fitar da gemu. A shekarar kin fi saurin tsame hannu, kina cewa kin ƙoshi. Yanzu da na iya lissafin abinci, na lissafa abin da kike ci a lokacin. Bai isa ya riƙe mace mai daka da surfe ba. Na so a ce wannan tunanin ya warkar da ni. Bai warkar ba, kunya kawai ya ƙara mini.

Ashe Goggo ta ga dabarar tawa. Ba ta yi faɗa ba. Sai ta dawo da al'adarki: su tsame hannu, ta turo mini tiren, ta samu wuri kusa ta zauna.

Yau da safe siket ɗin da na ɗinka na bikin kammala karatu ya ƙi rufuwa a ƙugu. Na cire, na sake gwadawa. Na fita tsakar gida, na dawo, na sake fita. Na maido manhajar da na goge, na sake goge ta. Likita ta ce in jikina bai farfaɗo ba, shawararta in jinkirta tafiya bautar ƙasa. Ina son in tafi, Inna. Ina son al'adata ta dawo, ina son wata rana in haifi mai sunanki. Kuma ba na son siket ɗin nan ya matse ni. Duka gaskiya ne, duka suna cikin kaina, ba wanda ya yi shiru.

Tiren yana gefena yanzu. Ɗumame ne da miyar kuka, sun bar mini gefen mai. Goggo tana bakin ƙofa tana tsintar wake, wai ba ni take kallo ba. Na ce mata bari in gama rubutu tukuna, shi ya sa wasiƙar ta yi tsawo. Man ya fara daskarewa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke abincin Aljanna har ki ƙoshi da gaske. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin zuciyar wannan loma, da ta rana, da ta gobe.

Zan tsaya nan, Inna. Ban daina jin tsoro ba, amma na jawo tiren. Bismillah.

Autarki,
Binta