Ankon da Ba a Yanka wa Nana Ba

Tarauni, 3 ga Maris

Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Yaya Shehu, ya jikin 'yarki Nana Khadija? Na kira ki sau biyu, sai na kasa faɗar abin da ke bakina, shi ya sa na rubuto.

Ga ankon bikina nan a leda, yadi shida, naki ne. Inna ta ce ranar kamu da ranar yini ki bar Nana a wajen maƙwabciyarki. Ta ce za a cika, ga kiɗa, ga zafi, yarinyar za ta wahala. Kuma dangin angona Anas ba su san da lalurarta ba, kin san mutane da magana. Kwana biyu ne kawai. Don Allah kada ki ɗauke shi da zafi.

Ƙanwarki,
Rabi

Gyaɗi-Gyaɗi, 5 ga Maris

Rabi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Atamfa ta yi kyau, Allah ya sanya alheri.

Na ɗauke shi da zafi. Shekara biyar ina goyon yarinyar nan, har bayana ya soma ciwo. Kowace Alhamis in za mu asibiti sai na tsaya a titi masu adaidaita sahu uku ko huɗu sun wuce ni, don sun hango kekenta ba sa son wahalar naɗe shi. Makarantu biyu sun ce ba su da mai kula da irinta. A layinmu akwai matar da ke janye 'ya'yanta in mun fito, wai 'yar ruwa ce. Duk na shanye, don su bare ne. Ban taɓa zaton daga gidanmu za a aiko min da irin wannan ba.

Kin fi kowa sanin cewa Nana tana jin komai. Gaɓoɓinta ne ba sa bin umarninta, harshenta ne ke da nauyi. Tun da aka sa rana take fama da kalma ɗaya. Madam Jummai, mai yi mata gashin ƙashi a asibiti, ita ta ce mu ba ta kalmar da take so ta riƙa gwadawa. Ta zaɓi "amarya". Jiya ta kusa fitar da ita daidai, miyau na zuba, tana dariya. Yanzu me zan ce mata?

Ke ce kike ba ta kunu da ƙaramin cokali, ki yi awa guda ba ki gaji ba. Wata bakwai ke nan ba ki tako gidan nan ba, daga Tarauni zuwa Gyaɗi-Gyaɗi. Zan zo in ji daga bakin Inna.

Yayarki,
Safara'u

Tarauni, 6 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Don Allah kada ki tunkari Inna. Ba ta ce komai ba, ba ta ma san na rubuta ba. Ni ce.

Ranar da yayar Anas ta zo ganina, ta tambaye ni ko akwai wata cuta da ke bin danginmu, na ce babu. Ta ga hoton Nana a wayata, wanda take kwance a cinyata, na ce barci take yi. Tun ranar na kasa zuwa gidanki, don ba zan iya kallon idonta ba. Anas kansa ya san kina da 'ya, bai san sauran ba.

Kuma Yaya, ina jin tsoro. Ina ganin yadda kika rame, yadda kika bar koyarwa. In na tuna nan da shekara ni ma zan iya haihuwa, sai gabana ya faɗi. Ki yafe min, amma ki taimake ni a wuce bikin nan tukuna.

Taki,
Rabi

Gyaɗi-Gyaɗi, 8 ga Maris

Rabi,

Na ga saƙonki, na kwana biyu ina juya shi kafin in iya amsawa.

Sau nawa zan maimaita? Kina bakin ɗakin haihuwa ranar. Naƙuda ta yi tsawo, Nana ta fito ba ta yi kuka ba sai da aka daɗe, iska ba ta isa ƙwaƙwalwarta da wuri ba. Likitoci sun ce nata daga nan ne. Na gaji da yi wa direbobi bayani, da malamai, da masu kawo min rubutu da hayaƙi ban tambaye su ba. Yanzu har da ke.

Tsoronki na gane shi, ni ma na yi. Ɓoye 'yata ne ba zan taya ki ba. Ranar Alhamis ƙarfe tara muna asibiti, sashen gashin ƙashi. Ki faɗa wa Anas gaskiya, ku zo tare, ku tambayi Madam Jummai duk abin da kuke so. In auren zai lalace saboda yarinya 'yar shekara biyar, gara ki sani tun yanzu.

Ki gaida Inna.
Safara'u

Gyaɗi-Gyaɗi, 13 ga Maris

Rabi,

Sallama. Anas ya zo, ya ce daren jiya kika faɗa masa. Shi ya ɗaga keken ya hau da shi bene, ya zauna har aka gama, ya yi tambayoyinsa. Da zai tafi ya ce min, "Yaya, ba lalurar ce ta dame ni ba, ɓoyewar ce." Ban san me ya yanke ba, ban kuma tambaya ba.

Ke ba ki zo ba. Duk wanda ya turo ƙofa sai Nana ta yi ƙoƙarin juya wuyanta.

In an yi bikin, za mu zo ni da ita. In ba kya so mu shiga, ki fito ƙofar gida ki faɗa mata da bakinki.

Allah ya ba mu alheri.
Safara'u