Allon Abu Munzir

Zuwa ga maigidana Abu Usaid,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya zafin Kuwait, ya ciwon bayan nan naka? Mu lafiya lau, Usaid ya fara rarrafe, kewarka ce kawai ta ishe mu.

Ranar Litinin ma'aikatan hukumar gari suka zo gidan Baba da tsani. Wai doka ta hana mai sana'a a gidan zama kafa allon da ya wuce tafin hannu biyu, kuma ban da zane. Ka san allon, jan takalmin nan da aka rubuta "Abu Munzir, gyaran takalma" a ƙarƙashinsa. Shekara arba'in yana saman ƙofar. Na ce musu Baba bai ƙara riƙe basilla ba tun da mantuwa ta kama shi, da allon kawai yake gane gida in ya taso daga masallaci. Babbansu ya ce, "'Yar'uwa, in ba sana'a, allon na mene ne? In akwai, ya yi girma." Ya ce ƙara aka kai musu.

Da suka hau sauke allon, Baba da kansa ya riƙe musu tsanin don kada su faɗo, ya ce in kawo wa baƙi gahawa.

Ka gaida abokan aikinka.
Matarka, Widad

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka, da fatan saƙon garin yajin za'atar ya isa gare ka lafiya.

Baba ya ɓata ranar Alhamis bayan azahar. Sai la'asar sakaliya muka same shi a tashar motocin Amman, zaune a ƙofar wani baduku, ƙafarsa duk ta kumbura. Sau uku ya wuce gidansa, maƙwabta sun gan shi, sun ɗauka yawo yake.

Jiya na je ofishin neman izinin ƙaramin allo. Magatakardar ta buɗe fayil, na hango takardar ƙarar. Sa hannun Yaya Munzir ne, Abu Usaid. Na hau sama wurinsa, a benen gidan Baba inda yake zaune. Bai musa ba, ko tsiren da yake gasawa bai ajiye ba. Ya ce dangin wani alƙali za su zo wurinsa neman auren 'yarsa Rawan. "So kike su shigo ta ƙarƙashin takalmi? Tsohon da bai san sunansa ba, ina ruwansa da allo?" Matarsa ta ce in ina son allon sosai in je in rataya a gidan mijina.

Na sa ƙaramin. Idon Baba ba ya ganinsa.

Ka sa mu a addu'a.
Widad

Zuwa ga Abu Usaid,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, an yi neman auren ranar Juma'a.

Tun safe Yaya ya kulle Baba a ɗakin baya, ya sa makullin a aljihu. Na zauna a bakin ƙofar ina yi masa magana ta ƙasa. Daga nan nake jin falo. Kafin a sha gahawa, alƙalin ya ce da ƙyar suka gane gidan, jan takalmi suke ta nema. Ya ce yana ɗalibi, takalminsa ɗaya tal, Abu Munzir ne yake ɗinke masa shi, ya kuma zaunar da shi ya ci abinci, shi ya sa da ɗansa ya faɗi sunan gidan bai tsaya bincike ba. Ya tambaya ina dattijon yake, yana so ya sumbaci goshinsa.

Yaya ya ce ai Baba yana ƙauye wurin dangi, yana hutawa.

Aka karanta Fatiha, aka ci mansaf, shinkafa da naman rago, mata suka yi guɗa. Ban buɗe baki ba, saboda Rawan ba ta yi mini komai ba. Allah ya yafe mini.

Da suka watse aka buɗe ɗakin. Baba ya sa takalmansa, ya kama hannuna, ya ce, "'Yar nan, ke da alama 'yar mutunci ce. Mutanen gidan nan sun riƙe ni tun safe. Ko za ki raka ni gida?"

Gobe zan ɗauko shi ya dawo wurinmu. Ban nemi izininka ba, ka yi haƙuri.

Taka har kullum,
Widad