Telefon Mai Tambayar Shanu

Maraɗi, ran Asabar

Zuwa ga Baffa Hamidu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lahiya, da Inno da bisashe. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san aji uku na yi a lakol.

Na iso. Rukayya ɗiyar Alhaji Abdu, mai gonar da muke sauka bayan girbi, ta tarbe ni a tasha. Yanzu na gane abin da ta kira ni in yi. Ta gama jami'a, saura ta nuna aikinta gaban manyan malamai ran Alhamis. In sun karɓa ta samu takarda, in sun ƙi sai baɗi. Aikin nata wani abu ne cikin telefon. Kana yi mashi magana yana amsawa, yana faɗa ma makiyayi lokacin allura da yawan maganin da zai nema. Ni zan yi magana da shi gabansu, don su ga makiyayi na gaske.

To Baffa, ga matsala. Da na ce salamu alaikum ya amsa, har na ji daɗi. Sai ya ce, "Shanunka nawa?" Haka nan, ko kunya babu. Na ƙi faɗi. Rukayya ta ce in ban faɗi ba, ba ya wucewa gaba. Ka ba ni izini in faɗa? Ka ba Chindo direba amsa.

Ɗanka, Sajo

Cadakori, ran Lahadi

Sajo,

Muna lahiya. Malam ke rubuta mini.

Ba a faɗi. Ubanka bai taɓa faɗi ba, kakanka ma ko ga mai haraji bai buɗe baki da daɗin rai ba. Kuma kada ka ƙaga wani adadi, ba mu aike ka ƙarya ba. Kuma kada ka kunyata ɗiyar Alhaji, rijiyar ubanta muka sha bara da rani.

Allah shi yi maka albarka.

Hamidu

Maraɗi, ran Juma'a

Baffa,

Gaisuwa da ladabi. Wasiƙarka ta hana ni cin tuwo. Kada in faɗa, kada in yi ƙarya, kada in kunyata ta. Na rasa ƙofar fita, sai na miƙa mata ta karanta.

Ta ɓata rai sosai. Ta ce, "Sajo, wata takwas nake wannan aiki, ba wanda ya gaya mini! Na gwada shi da mutum goma sha biyu, duk sun ba da adadi." Na ce su wa? Ta ce ƴan ajinsu. Na ce, "Yaya Rukayya, waɗannan ko kaza suna da ita?" Ta harare ni, sannan ta yi dariya.

Sai ta ce to in ba ma ƙirgawa, yaya muke sanin wata ta ɓace? Na ce fuska. Saniyarmu Woɗe ba ta shigowa sai ɗiyarta na bayanta, Ɓale kullum ita ce ƙarshe. In babu ɗaya, garken ne ke yi maka wani iri. Ta ce in sake faɗi a hankali, tana rubutawa. Kwana uku tana kan ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, tana gyara aikin, ni ina zaune tana ta tambayata har bakina ya gaji.

Jiya muka je. Ɗaki mai sanyi, malamai uku a kan tebur, mutane cike. Na fito gaba na zauna. Telefon ya ce, "Wace saniya za mu yi maganarta?" Na ce Woɗe. Ya ce yaushe ta haihu, tana cin ciyawa? Na manta da mutanen, na yi ta ba shi labarin shanun ɗaya bayan ɗaya har Rukayya ta taɓa ni ta ce ya isa. Wani malami mai tabarau ya ce, "To duka su nawa ne?" Na ce, "Alhamdu lillahi, Malam." Ɗakin ya kwashe da dariya. Sun karɓi aikin. Rukayya ta yi kuka, Alhaji ya kama hannuna ya ƙi saki.

Amma akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Ta ce abin yana haɗa sunayen a cikinshi don ya san yawan magani, wato ya san adadin. Sai dai ta ɗaure mashi baki, ba ya faɗa ma kowa, ko ita. Baffa, na karya maganarka ko ban karya ba?

Ɗanka, Sajo

Cadakori, ran Asabar

Sajo,

Na ji. Ni ma na san adadin a cikina shekara arba'in, ba wanda ya ji shi. In abin nan ya iya riƙe bakinshi, yana da tarbiyya.

Ka zo da shi. Saniyarmu Fure na tari tun shekaranjiya.

Hamidu