Inna, Na Karya Alkawarin Da Na Yi Miki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, na zo miki da maganar da na san da kina raye sai kin bi ni da muciya. Inna, na karya alkawari. Na faɗa. Ga shi ma ina rubutawa inda jama'a za su karanta.

Kin tuna shekarar da gero ya bushe a tsaye, rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji. Baba ya tafi cirani Kano, ni kuma na bi matan unguwa tsinkar tumatir a gonakin rani na Watari. Shekarata goma sha tara. Ranar nan mai gonar ya sallami kowa, ya ce in tsaya in kai kwanduna bukka. Can ya yi mini fyaɗe, da rana tsaka. A ƙasarmu da gona ke manne da gona, ko tari ka yi maƙwabci zai ce sannu, amma babu wanda ya ji ni.

Da na dawo ba ki tambaye ni komai ba. Tafiyata kawai kika kalla, kika ja ni banɗaki. Kika dafa ruwa da bagaruwa, kika gasa ni kamar mai jego. Zanin kuwa murhu kika cusa shi. Da maƙwabciya ta leƙo ta danga tana tambayar ƙaurin me take ji, kika ce tsumma ne ya kama.

Sai kika ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Kika sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, har Baba.

Bayan kwana biyu kika ce in koma gonar, don kada mata su tambayi dalili, kuma gida babu ko ƙwaya. Na koma, Inna. Sati uku ina durƙusa masa ina gaishe shi.

Na yi aure, na haihu, amma abin bai sake ni ba. Ƙanshin ganyen tumatir sai ya sa ni amai. In namiji ya tsaya a bayana, sai in zabura in gudu. Kika ce iska ce, kika yi ta kawo rubutu. Na sha rubutun da zai cika randa, kuma ni da ke mun san sunan iskar.

Bara, shekara biyu da rasuwarki, na je awon ciki a Ɗambatta. Ungozoma ta taɓa ni, na ƙame ina kuka. Ba ta yi mini tsawa ba. Ta ba ni takarda zuwa wani asibiti a Kano, wurin wata mata da aikinta ke nan, sauraron irinmu. A mota har ina raina abin. Ni da na zaci allura za a yi mini, ashe zance ne maganin!

Zuwana biyu ban ce uffan ba, ita ma ba ta matsa ba. A na uku na buɗe baki. Da na gama ta ce, "Ba laifinki ba ne." Shekara goma sha ɗaya nake jiran wannan maganar, kuma daga bakinki na so in ji ta.

Ta gaya mini da an kai ni asibiti cikin kwana uku, ba a yi mini wanka ba, ba a ƙona zanin ba, da an ba ni maganin kariya, da kuma akwai shaida. Wa ya taɓa gaya miki haka? Abin da uwarki ta koya miki shi kika yi.

Wata rana matar ta tambaye ni wa na fi jin haushi. Na ɗauka mai gonar zan ambata. Sai na ji bakina ya ce ke. Na yi kuka har na shiɗe, don ban taɓa son kowa kamar ke ba. Sai a zaman da ya biyo baya na fara ganinki yadda kike a lokacin: mace ita kaɗai, miji ya yi nisa, yara huɗu da yunwa, mutumin kuma mai faɗa a ji. Ke ma ba ki da wanda za ki gaya wa.

Na gaya wa mijina. Ya ce daga yau shi zai riƙa raka ni Kano.

Saura abu ɗaya. Ranar da za ki cika, kin kama hannuna kin ce in yafe miki. Ɗakin cike da mutane, kowa ya ɗauka yafiyar da aka saba ce. Na ce na yafe, amma baki ne kawai ya faɗa, kuma na ga a idonki kin gane. Haka kika tafi.

Yau da zuciyata nake faɗa. Na yafe miki, Inna, duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini rantsuwar da na karya, na yi kaffara.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya isar miki da wannan yafiyar da ta makara.

'Yarki,
Rabi